Gatari ya tsage, ƙota ta kwance: laifin Kawu ne ko na ƙarfen?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ina da rumfa a kasuwar Talata Mafara, ina sayar da ƙotoci da kayan kafintoci irin su ƙusa da gam da samfefa. Bara na ce bari in ƙara da kayan aiki haɗaɗɗu. Na sayi ƙarfe buhu-buhu a wurin 'yan gwangwan, na kai wa kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda maƙeri ne. Ya ƙera mini ruwan fartanya 120, gatari 40, gizago 20, ni kuma na sa ƙotocin. Kafin damina ta raba an dawo mini da guda 37. Wasu sun tsage, wasu bakinsu ya naɗe, wasu ƙotar ta kwance. Kuɗin aikinsa duka na biya tun bai fara ba. Ina jin nauyin yi masa magana, mahaifiyata kuma ta ce in bar zancen. Abokaina sun ce in riƙa sayo ruwan daga Kano. Yaya zan yi?

Daga wani ɗan kasuwa a Talata Mafara

Amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, Allah ya mayar da alheri. Kafin ka tunkari Kawu, kuma kafin ka hau motar Kano, ka sayi sabon magagari, ka shimfiɗa buhu a tsakar gida, ka zube kayan nan 37, ka ba su yini guda. Aiki uku aka yi kafin su isa hannun manomi: zaɓen ƙarfe, ƙira, da sa ƙota. Na farko da na ƙarshe kai ka yi su. Kowanne yana da irin ɓarnar da yake haifarwa, kuma ana gane ta da ido a jikin kayan.

Fara da waɗanda bakinsu ya naɗe. Goga magagari a kan kaifin. In ya kama yana ci, gari na zuba ba wuya, ƙarfen bai taurara ba. Ko dai ba a shayar da shi ba, wato ba a tsoma shi da zafi a ruwa ko a mai ba, ko kuma irin wanda ba ya karɓar shayarwa ne, kuma na biyun ya fi yawa. Abin da ke sa ƙarfe ya taurara in an tsoma shi da zafi a ruwa ko a mai shi ne yawan sinadarin kabon da ke cikinsa. Farantin da masu walda ke yin ƙofa da shi, da ƙarfen ganga, da bututun ruwa, da ƙusa, kabon ɗinsu bai kai kashi 0.3 cikin ɗari ba. Ko wane gwanin maƙeri aka ba, ba zai fitar da kaifi mai tsayawa daga cikinsu ba. Sifirin ɗin mota yana da wajen kashi 0.6, tsohon magagari kuwa yakan kai kashi 1 ko ya ɗara. Rodin gini ba shi da tabbas, wani ya taurara, wani ya ƙi, ko da tare aka sayo su. Fartanyar da za ta yi noma a jigawa tana iya tafiya da ƙarfe mai taushi in yana da kauri, kuma an daddaɓe bakin da masaba bayan ya huce. Gatari da gizago ba sa lamuntar haka. In gaturan da suka naɗe daga farantin ƙofa suka fito, asarar taka ce, tunda kai ka kai ƙarfen. Iyakar abin da za a ce da Kawu shi ne me ya hana shi gaya maka lokacin da ya ji taushinsa a ƙarƙashin masaba.

Waɗanda suka tsage ko bakinsu ya ɓalle, fitar da su hasken rana ka dubi cikin karayar. In fuskarta toka-toka ce, sumul kamar garin siminti, ƙarfen mai kyau ne kuma ya taurara, sai dai an bar shi da gautsi: an shayar, ba a mayar da shi gefen wuta an sassauta taurin ba. In tana da manyan ƙwayoyi masu ƙyalli kamar sikari, ya daɗe a wuta fiye da ƙima kafin a tsoma shi. Waɗannan biyun daga maƙera suke. In kuwa wani ɓangare na karayar baƙi ne ko ya yi tsatsa, sauran fari sabo, to tsagar ta girmi aikin gona. Ko tun sifirin ɗin yana jikin mota ya gaji ya tsage, ko ruwan shayarwa ne ya tsaga shi. Tsagar gajiya takan bar zane kamar rabin da'ira, kuma ta fi zama kusa da ramin tsakiya inda ake ɗaure sifirin. Ta shayarwa takan taso daga bakin kaifi ko daga wata kusurwa.

Maganar ruwan shayarwa ita ce wadda muke so ku tattauna da Kawu a natse. Maƙerin da ya saba da ƙarfe mai taushi ruwa yake tsoma aikinsa shekara da shekaru ba abin da ya faru. Sifirin ba ya son haka. Ruwan sanyi yana kama bayansa farat ɗaya tun cikinsa na da zafi, sai ya tsage, wani lokacin har a ji ƙarar. Mai ya fi dacewa da shi. A samu lita 4 ko 5 na man gyaɗa a gwangwanin ƙarfe mai murfi, a ɗumama shi da guntun ƙarfe mai zafi kafin a fara. Ana amfani da baƙin man mota saboda araha, amma hayaƙinsa cuta ne ga ƙirji. In man ya kama da wuta, murfi ake kifa masa, ba a zuba ruwa. Zafin da ake nema kuwa, mayen ƙarfe na tsohuwar lasifika yana nuna shi: ƙarfe yana daina manne wa maye in ya kai wajen digiri 770, daga nan a ƙara zuga kaɗan jan ya ɗan ƙara haske, ya kai 800 zuwa 830, sai a tsoma. A inuwa ake wannan aiki, don a rana ido ba ya ganin ainihin jan. A bar wa bakin kaurin milimita 1 zuwa 2, wasa sai bayan an gama. Faɗin yatsa biyu zuwa uku na bakin kawai ake tsomawa, ana ɗan ɗaga shi ana saukewa don kada iyakar tauri da taushi ta tsaya a layi guda.

Sai sassautawa, wadda ita ce aka fi tsallakewa in aiki ya yi yawa, kuma nan take ake yin ta, ba a barin ta ta kwana. A goge bakin da dutsen wasa har ya yi fari, a jingina ƙeyar ruwan kusa da garwashi, a zuba ido. Launi zai taso daga baya yana rarrafowa zuwa kaifi: kalar busasshen karan dawa a wajen digiri 220, ruwan ƙasa a 250, shunayya a 280, shuɗi a 300. Gizago da kurfin kafinta a tsoma su da zarar ruwan ƙasa ya isa baki. Gatari ya jira shunayya, domin duka yake sha. Adda da lauje sai shuɗi. Aikin 'yan mintuna ne a kowane guda, amma ga gatari 40 ya zama yini da gawayi, kuma wani ne zai biya.

In akwai waɗanda suka karye a wuya, inda wutsiya, wato ɓangaren ƙarfen da ke shiga ƙota, ta haɗu da ruwan, ko an tsoma su gaba ɗaya har wutsiyar ta yi gautsi, ko an datse kafaɗar da kurfi ta tsaya tsaye kamar kusurwar bango. Kafaɗa a lanƙwashe take so ta sauka, kuma ba a shayar da wutsiya.

Saura ƙotoci, kuma muna zaton nan kaso mafi girma zai taru. Ɗanyen itace cike yake da ruwa, kafin ya bushe yakan rasa wajen kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa. In an sa masa ƙarfe yana ɗanye, ranar farko ka ce tare aka halicce su. Itacen yana bushewa yana ƙanƙancewa, ƙarfen da ke cikinsa ba ya matsawa, sai kan ƙotar ya tsage, ruwan ya fara girgiza. Mai sayar da ƙota a rumfa ba ya ganin wannan, domin manomi ne ke sa ruwansa da kansa daga baya. Ranar da ka fara sayar da kaya a haɗe, ranar bushewar itace ta zama matsalarka.

Ka sayi itacen bayan kaka, da rarar yatsa huɗu a kowane kai. Shafe kawunan da tsohon fenti ko narkakken kyandir, don ta nan ruwa ke saurin fita ya bar tsaga. Ɓare ɓawon, ƙwarin da ke huda itace suna zubar da gari a ƙarƙashinsa suke fakewa. Jera su a inuwa a kan bulo, nesa da ƙasa saboda gara, da sanduna tsakanin layi da layi don iska ta ratsa, ka kare ɓangaren da hunturu ke bugowa da zana. Zaɓi guda 5 ka sa musu lamba, kowace Talata in ka dawo daga kasuwa ka ɗora su a sikeli ka rubuta. In nauyin ya tsaya mako uku a jere, sun bushe. Itace mai kaurin santimita 4 zuwa 5 yakan ci wata uku zuwa huɗu a rani. Marke da aduwa da bagaruwa da kanya suna riƙe ƙarfe. Darbejiya tana yi wa fartanya mara nauyi, ga ta kuma cikin gari, a wannan lokaci da shiga daji ya zama kasada. Malaina da rimi ba na ƙota ba ne. Kan ƙotar gatari ya fito daga inda reshe ya haɗu da uwar itace, nan ne jijiyoyin suke a sarƙe, ba sa tsagewa da sauƙi. Wanda zai kawo maka itace da yawa, ka tambaye shi takardar malaman daji.

Wajen huda ma ana ɓarna. In aka gasa wutsiyar ta yi ja aka soka har ƙarshe, ramin yana ƙonewa fiye da girmanta, abin da ke riƙe da ita gawayi ne, yana marmashewa ta kwance. Ka fara huda ƙaramin rami da abin huda katako. Kawu ya ƙera maka ƙarfen ƙonawa daban, siffarsa ɗaya da wutsiyar amma ya ɗan fi ta ƙanƙanta. Ka ƙona da shi ka tsaya saura faɗin yatsa guda, ka kankare baƙin, sannan ka buga ainihin wutsiyar a sanyi ta zauna a lafiyayyen itace. Ƙotar lauje da ta kurfi suna son zobe a baki: bututun ruwa na inci uku bisa huɗu ko inci 1, a yanka santimita 2, a goge bakin, a buga shi a sanyi. In za ka ɗaure ruwan adda tsakanin katako biyu, ƙusa mai inci 4 ta isa. Yanke ta ka bar abin da ya leƙo ya kai kaurinta sau ɗaya da rabi, ka daddaɓe. Daga ƙarshe ka shafe ƙotar da man kaɗe ko na gyaɗa, kada ka sa baƙin mai inda hannu ke riƙewa.

Sayen ƙarfe a buhu shi ne tushen wahalarka, araha kuwa ba ta ado. Daga yau iri-iri za ka saya, a kan sikeli. Sifirin ɗin ƙananan motocin ɗaukar kaya, mai kaurin milimita 6 zuwa 8, na gizago ne da lauje da kurfi. Na manyan motoci, mai milimita 10 zuwa sama, na gatari. Tsohon faifan garmar tarakta, mai milimita 4 zuwa 6, yana ba da ruwan hauya da kalme da ke jure lakar fadamar Bakolori. Masu gyaran manyan motoci sun fi 'yan gwangwan sanin abin da suke sayar maka. Ka tafi da kananzir da alli. Rataye sifirin ka ƙwanƙwasa, mai lafiya yana amsawa da dogon amo, mai tsaga a dakushe. Kankare tsatsar, shafa kananzir, goge shi tas, goga alli, in akwai tsaga za ta fito siririn layi mai duhu. Yatsa uku ta kowane gefen ramin tsakiya ka ɗauke su a matsayin asara. In akwai mai walda kusa, a taɓa ƙarfen da injin gurza: mai taushi tartsatsinsa dogo ne miƙaƙƙe, mai kabon yana fashewa kamar taurari. Gwajin da ya fi duka shi ne ka sayi guda ɗaya tukuna, Kawu ya buge gutsure ya yi siriri, ya shayar a mai, a goga magagari. In ya zame kamar a kan kwalba, koma ka saye saura. A lissafinka ka cire wajen kashi ɗaya cikin biyar na nauyin da ka saya, wuta da yanke-yanke za su cinye shi.

Akwai ƙarfen da ba za ka taɓa ba ko kyauta ne. Layin dogon da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau ya tsaya a Ƙaura Namoda tun 1929, ƙarfensa yana taurara, shi ya sa ake kawo guntayensa, amma dukiyar gwamnati ce, wanda aka samu da ita a rumfa shi zai amsa tambaya. Haka ƙarfen gada da na turakun lantarki. Tukunyar gas da duk wani abu rufaffe da ba ka san cikinsa ba, kada ya kusanci wuta. Bututu mai farin shafe kada a gasa shi, hayaƙinsa yana kwantar da mutum da zazzaɓi. Tsohon batir kuma kada ya shiga gidan da yara suke. Mutanen Zamfara sun ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a yankunan Anka da Bukkuyum a 2010.

To, Kawu. Mahaifiyarka tana tsoron a ɓata zumunci ne, kuma tana da hujja, amma shiru ba zai gyara gatarin baɗi ba, gyara kayanka kuwa bai zama sauke mu raba ba. Ka gaya mata ba biyan kuɗi za ka nema ba. Ka je maƙera lokacin da yaran aikinsa ba sa nan, da goronka, da guda biyu daga kowane kaso. Fara da naka laifin, ka ce, "Kawu, na gano ƙarfen da na kawo gauraye ne, ƙotocina ma ba su bushe ba. Ga waɗannan kuma, ina so ka duba mini karayarsu." Ka miƙa masa ka yi shiru. Maƙerin da ya daɗe a bakin wuta yana ganin karaya ya san abin da ya faru, kuma zai fi son ya faɗa da bakinsa. Maganar mai da mayen ƙarfe ka kawo ta a matsayin gwajin da kake so ku yi tare a kan guda biyu, kai za ka kawo man. Abin da ya tabbata daga wutarsa ne, ka roƙe shi ya sake aikinsa ba lada, kai ka ɗauki ƙarfe da gawayi.

Aiki na gaba a rubuce za a yi shi, da shaidu, kamar yadda aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni game da bashi. Ku zaɓi fartanya da gatarin da manoma suka yaba, a ƙera samfuri biyu-biyu, ɗaya a wurinsa ɗaya a wurinka. A rubuta nauyin kowanne, da adadi, da ranar karɓa, da wanda zai kawo gawayi. In gawayin daga aljihunsa ne kuma lada bisa guda ake biya, dole ya yi sauri, don haka gara ka sayi na ƙirya da kanka, ka ƙara masa wani abu a kan kowane gudan da aka sassauta. Kuɗi kashi uku: a farko, a rabin aiki, sai bayan ka bi kowane ruwa da magagari. Ya buga tambarinsa a jikin kowanne, don in wata rana ka ƙara wani maƙeri ka san na wa ya dawo. Ku fara da 20, ka ba manoman da ka amince da su su yi mako biyu da su. Kuma ka ba da aikin tsakanin Janairu da Maris. Daga Mayu maƙera cike take da masu gyaran garma, ba wanda zai tsaya kallon launi.

Kano tana da amfaninta. A kasuwar Ƙofar Ruwa za ka samu ƙusa da bututu da ruwan zarto da magagari a sari, Panteka ta Kaduna kuma gidan tsohon ƙarfe ce. Amma siffar hauya da yadda take zama a ƙota abin gari ne, manomin Mafara yana ɗaga ta ya san ko tasa ce, kuma ruwan da ka sayo daga nesa in ya tsage ba ka da wurin mayarwa. Ka sayo kayan masana'anta can, ka bar ƙira a gida. Gam kada ka tara wanda ya wuce na wata uku, zafin bazara yana daskarar da shi. Samfefa lamba 60 da 80 da 120 su kafintoci suka fi nema, a leda za ka adana su saboda laimar damina. Kafintocin nan da ke saye a wurinka suna da guntayen maɗaci busassu a ƙarƙashin teburinsu, ka yi musanye da su da ƙusa, ka samu ƙotocin kurfi da lauje ba jiran bushewa. In za ka bi hanya da gatura ko adduna masu yawa, ka tafi da rana, da rasiti, da takarda daga Sarkin Maƙera ko shugaban kasuwa.

Kayan nan 37 ba duka ne asara ba. Masu kwantacciyar ƙota sabuwar ƙota kawai suke so. Gatarin da aka bari da gautsi, in ɓallewar ba ta yi zurfi ba, a gurje bakin a sake shayarwa. Mai doguwar tsaga a yanke lafiyayyen ɓangaren ya zama kurfi. Masu taushi su koma wuta su fito fartanyar jigawa. Wannan Talatar ka aika wa mutanen da suka dawo da kaya, ka gaya musu ranar da za su zo su karɓi madadin, ka sa ta kafin a fara noman rani.